Gine-ginen bayan fage na ƙaramin layin dogon Kano: rajistar aiki

9 ga Nuwamba, 2024

A ƙaramin samfurin layin dogo da muke ginawa a kan tebur, an gama shimfiɗa layi, an ja wuta, kan jirgi yana zuwa ƙarshe ya dawo ba tangarɗa. Saura bayan fage, wato gine-ginen masana'antu da za su jingina da allon baya su rufe wurin da ƙasa ta haɗu da sama.

Teburin tsawonsa milimita 2440, faɗinsa 400, allo biyu na filawud da ake haɗawa a tsakiya da noti. Ma'aunin HO ne, ɗaya cikin 87, don haka mita ɗaya ta zama milimita 11.5, ƙafa ɗaya kuma milimita 3.5. Layin mai faɗin milimita 12 muka sa, domin tsohon layin dogon Najeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1067, idan aka raba da 87 ana samun 12.3. Wurin da ake kwaikwayo shi ne gefen tashar kaya ta Kano a farkon shekarun 1960, cikin hunturu, lokacin da gyaɗa ta gama shigowa daga ƙauyuka. Jirgi ya iso Kano a 1911, kuma gyaɗa ce ta zama babban kayan da yake kwasa zuwa Legas. Dalar gyaɗa ma ƙarancin tarago ne ya tsawaita zamanta a fili, ana tara buhuna ana jiran jirgi. Babu wani kamfani guda da muke kwafa; siffar sito da masana'antun wancan zamani muke bi, irin na kusa da reluwe da na Bompai.

Ga lissafin da komai zai rataya a kansa. Daga tsakiyar layin ƙarshe zuwa allon baya milimita 110 ne. Tarago faɗinsa 30, don haka bakin dakalin lodi zai tsaya a 17 daga tsakiyar layi. Dakalin kansa ya ci 33. Abin da ya rage wa gini milimita 60 kacal. A zahiri wannan mita 5 ne da ɗoriya, alhali siton gaske yana kai mita 18 a faɗi. Kenan fuskar gini da ɗan rufi kawai za a yi, sauran ido ne zai cike.

16 ga Nuwamba

Mun duba abin da ake sayarwa kafin mu yanke kwali. Kamfanin Walthers na Amurka suna da jerin gine-ginen bayan fage a HO, masu siraran gefe, amma yawancinsu benaye ne na jan bulo masu tagogi jere, irin na garuruwan masana'antun Amurka. Faller da Kibri da Auhagen na Jamus su ma jan bulo ne da rufin ƙasar sanyi. Metcalfe na Ingila suna yin na kwali masu kyau, sai dai ma'auninsu ɗaya cikin 76 ne, ya fi namu girma da kusan kashi 14 cikin ɗari. Ginin da ya fi na gaba girma, idan aka kai shi baya, yana cinye nisan da ake son ido ya gani. Da a gaba za a ajiye shi, da an lamunta.

Babbar matsalar ita ce siffa. Siton Kano dogo ne, gajere a tsaye, bangon bulon siminti ko na kwano, rufin kwano mai fitowa waje sosai don inuwa, tagogi kaɗan kuma can sama. Bene mai hawa huɗu na jan bulo a bayan tarin buhunan gyaɗa zai ƙaryata wurin gaba ɗaya. Don haka da hannu za a gina jikin kowanne. Abin da za a saya daga waje sai ƙananan kaya masu wuyar yi: tsani na ƙarfe, firam ɗin taga, da kan famfon bututu.

Rabon tsawon bango daga hagu zuwa dama: siton fatu da ƙiraga 380, lungu 60, babban siton gyaɗa 690, filin dala 520, matsar man gyaɗa 560, katanga da bishiyoyi 230. Jimla 2440.

30 ga Nuwamba

Kafin a taɓa kayan kirki, an yanka dukkan gine-ginen da kwalin sabulu, aka manne da salatif, aka jera su a wurinsu kwana goma ana kallo safe da dare. Wannan matakin kada a tsallake shi. Abubuwa uku ya nuna.

Na farko tsayi. Mun fara da bangon sito na mita 6, milimita 69. Da aka tsayar da tarago a gabansa sai ya zamana ɗan abin da ya leƙo sama da taragon bai taka kara ya karya ba, ginin ya ɓace duk sanda jirgi ya tsaya. An ɗaga ƙasan ginin daidai da dakali, milimita 12 sama da kan layi, aka mai da bangon 75. Yanzu ana ganin kwanon rufi da jerin tagogin iska ko da layi cike yake.

Na biyu gangaren rufi. Sito mai faɗin mita 18 da gangare digiri 20, doron rufinsa yana tashi kusan milimita 38 sama da bango a ma'auninmu. Idan aka riƙe digiri 20 a cikin zurfin milimita 45 da gangaren gaba ya samu, tashin 16 ne kawai, rufin ya yi kama da rumfar mai shayi. Idan aka nemi 38 ɗin cif, gangaren ya kai digiri 40, ya koma rufin ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Mun tsaya a digiri 30, tashi 26. Teburin yana milimita 1250 daga ƙasa, ido na kallonsa kusan a miƙe, don haka ba a lura da ƙarin gangaren.

Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci: doron rufi kada ya taɓa allon sama, wato allon baya da ke wakiltar sararin samaniya. A gwajin farko rufin ya hau ya dungure da allon, sai ya zama kamar an jingina faranti da bango. Da aka dawo da doron gaba, aka bar milimita 15 a bayansa rufin ya gangara ya ɓuya, nan take ginin ya samu baya. Don haka zurfin 60 ya rabu: 45 hawa, 15 sauka. Duk gine-ginen doronsu zai bi tsawon bango. Wanda kansa ke fuskantar mai kallo, doron nasa na shiga cikin sama kai tsaye, babu dabarar ɓoye shi a wuri matsattse haka.

8 ga Disamba

Allon sama. Silin na katako mai kaurin milimita 3, tsawo 2440 a guntu ɗaya, tsayi 400. Da gangan ba a raba shi biyu kamar teburin ba. Ana ɗaure shi da sukuru bayan an haɗa allunan, saboda tsaga a tsakiyar sama ba abin da ke rufe ta. An shafa fentin ruwa na bango gaba da baya. Kalar hunturu ce: fari kashi 12, ruwan ƙasa kashi 1, shuɗi ɗigo kaɗan a sama kawai, a goge shi ya narke kafin ya sauko rabi. Babu girgije. Can ƙasa, milimita 60 na ƙarshe, an ƙara ruwan ƙasa don hazo.

21 ga Disamba

Bangon babban sito na farko ya lalace, ga dalili. An yi shi da kwalin bangon littafi mai kaurin milimita 2, irin na masu ɗinkin littafi, tsawo 690. Aka buga hoton bulo a takarda, aka manna a fuska ɗaya da farin gam na kafinta. Washegari bangon ya yi baka, tsakiyarsa ya janye kusan milimita 9 daga rula. Farin gam ruwa ne a cikinsa. Takarda ta sha ta buɗe, da ta bushe ta tsuke ta ja kwalin zuwa gefenta. A hunturu, da danshin iska ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, bushewar tana zuwa da sauri kuma jan yana da ƙarfi. In damina ta zo kwalin zai sake shan danshi ya juya wata fuskar.

Akwai hanyar ceton kwali: a manna takarda iri ɗaya a baya don ja ya yi daidai, a danne da littattafai kwana biyu, a sa haƙarƙari kowane milimita 80, a fesa banish ciki da waje har bakin yanka. Ga ƙananan gine-gine hakan ya isa. Ga bango mai tsawon 690 mun canja kaya. Allon roba mai taushi da masu buga allunan talla ke kira forex, mai kaurin milimita 3, shi ne ya dace. Ba ya shan ruwa, reza na yanka shi a ja uku, kuma yana karɓar zane: idan aka ja masa layi da bakin biro da tawada ta ƙare, alamar na zama. Gara da kyankyaso ma ba ruwansu da shi. Wanda zai tsaya a kan kwali ya guji gam na sitaci ko na fulawa, domin abincin kyankyaso ne.

Kuskure na biyu a wannan bangon daga bugu ya zo. A gefen kowace takarda muna zana layi mai tsawon milimita 100 don gwaji. Wanda aka karɓo daga shagon buga takardu 96 ya auna, saboda injin yana kan tsarin tsuke hoto ya shiga shafi. Kashi 4 cikin ɗari a kan bulo ba a gani, amma a kan ƙofa da taga da aka riga aka yanke ramukansu, ana gani sarai. A ce wa mai bugu ya buga a ainihin girma, a auna layin tun kafin a bar shagon. Kuma injin leza, domin tawadar ruwa tana zuba in gam ya taɓa ta, tana kuma koɗewa a haske.

A ƙarshe ma an bar takardar. An zana bulon kai tsaye a jikin forex: bulo mai inci 9, tsawo milimita 450 da tsayi 225 a zahiri, ya zama 5.2 da 2.6. Ba dukkan bangon aka zana ba. Yawancinsa shafe ne na siminti, sai wurare uku da shafen ya zube bulo ya bayyana, da kuma layuka huɗu na ƙasa.

4 ga Janairu, 2025

Kwano. A nan lokaci mafi yawa ya tafi, kuma ya cancanta, domin rabin abin da ido ke gani a bayan fagen rufi ne.

Tsohon kwano tazarar kunyarsa inci 3 ce, milimita 76, wato 0.87 a HO. Kwalin da ke da kunya a ciki, irin na katan, tazararsa ta ninka wannan sau da yawa, ko kusa bai yi ba. Kamfanin Evergreen suna yin fallen roba mai kunya da tazarar kusan milimita 1, yana da kyau ga bango, amma kaurinsa na bayyana a bakin rufi, kuma ya cika miƙewa. Kwanon gaske yana da lotsawa, falle na hawa kan falle, wani gefen ya ɗaga.

An gwada gwangwanin lemo. Ya yi tauri, yana komawa yadda yake, kunyar ba ta zama. Takardar alminiyam ta kicin kuma ta yi laushi, yatsa kaɗai na share kunyar. Abin da ya yi shi ne farantin alminiyam na zuba abincin tafi-da-gidanka, a yanke gindinsa, a goge shi da bayan cokali a kan gilashi har ya miƙe.

Yadda ake fitar da kunya: a samu dogon noti mai lamba M5, zarensa tazarar milimita 0.8 ce, kusa ƙwarai da abin da ake nema. A shimfiɗa guntun tsohon tif na taya a kan tebur, a ɗora alminiyam, a ɗora notin a kwance, a danna da katako mai faɗi a mirgina shi sau ɗaya, gaba kawai. In aka dawo baya zaren ba ya faɗawa cikin ramin farko, sai kunyar ta ruɓanya ta ɓaci. Abin lura: zaren noti a karkace yake, don haka kunyar na fitowa da karkata ta kusan digiri 3. Kada a yanka falle tukuna sannan a mirgina. A mirgina babban yanki, sannan a ɗora rula ta bi kunyar, a yanka. M6 ma yana yi, tazararsa milimita 1, kuma ya fi saurin fitowa. Shi muka ware wa matsar mai don rufinta ya ɗan bambanta.

Kowane falle ƙafa 8 ne, milimita 28, faɗi 8. Idan aka cire hawan gefe, 7 ke bayyana. Gangaren gaba na babban sito tsawonsa 52, ga fitowar baki 14, jimla 66, jeri uku kenan da hawan milimita 9 a tsakani. Kowane jeri falle 100, don haka 300 ga wannan rufin kaɗai. Yin su ɗaiɗai ba zai ƙare ba. Mun yanka dogayen tsiri masu faɗin falle biyar, muka tsaga bakin ƙasa kaɗan kowane milimita 7, sannan aka sa fallaye ɗaiɗai kusan 30 a warwatse, wasu a ɗan karkace, wasu sun zarce 'yan uwansu da rabin milimita. Daga nisan kallo ba a bambanta su.

Ana fara manni daga jerin ƙasa zuwa sama, kamar yadda kafinta ke buga na gaske. Gam na masu takalmi, shafi siriri a jikin forex da bayan alminiyam, a jira minti biyar. In ya yi yawa yana cika kunyar daga ƙasa ya bultso ta gaɓa. A danna da soso, kada da yatsa.

5 ga Janairu

Fenti ba ya kama alminiyam sai an wanke maiƙon. An goge da sifirit, aka fesa fentin share fage na mota mai ruwan toka, shafi biyu marasa kauri. Gwajin da aka yi ba tare da shi ba, farce ya kankare fentin a ja ɗaya.

25 ga Janairu

Babban sito ya tsaya. Ƙofofin lodi huɗu masu turawa gefe, kowace milimita 40 a faɗi da 42 a tsaye. Tazarar tsakaninsu an ɗauke ta daga tarago: aka haɗa huɗu a layi, aka sa alama inda ƙofar kowanne ta faɗa. Wannan ƙaramin abu ne amma shi ke nuna ginin na jirgin ne. Biyu a rufe, biyu a buɗe rabi.

Ƙofa buɗaɗɗiya a gini mai zurfin 60 tana tona asiri, domin ana hango allon sama ta ciki. An sa baƙin kwali a baya, aka fenta ciki duka da baƙi marar ƙyalli har da ƙasan, sannan aka jera buhuna hawa biyar milimita 15 daga bakin ƙofa, masu kala da ta fi ta waje duhu. Ido na tsayawa a kan buhunan, abin da ke bayansu ya zama duhun sito.

Tagogin iska na sama guda 12, kowace 14 da 7, an toshe bayansu da robar bangon takardu da aka goge da sanfefa mai laushi don ta dushe. A nan gam mai saurin kamu ya yi ɓarna: tururinsa ya bar farin hazo a kan guda uku, aka cire aka sake. Farin gam kaɗan a kusurwa ya wadatar ga taga.

Rumfar dakali ta taɓa jirgi. An auna ta da tarago ta wuce lafiya, amma ɗakin direban kan jirgi ya fi tarago tsayi da faɗi, ya goge bakinta a daidai inda layi ya fara lanƙwasa zuwa mahaɗa. An rage fitowarta da milimita 4, aka ɗaga ta 3. Daga yanzu kan jirgi mafi girma da tarago mafi tsawo su ne ma'aunin gwaji, a tura su da hannu a hankali kafin gam ya taɓa komai.

Ba a manne ginin da tebur ba. Turaku biyu na tsinken tsire a ƙarƙashinsa suna shiga ramuka, a ɗaga shi in za a share layi. Don kada a ga tsaga a gindi, an zagaye wurin zamansa da siririn forex mai tsayin milimita 2, ginin na faɗawa ciki, ƙasa ta rufe bakin daga waje.

8 ga Fabrairu

Dalar gyaɗa. An fi ambaton buhu 15,000 a babbar dala guda. In aka ɗauka kowane hawa yana raguwa da buhu ɗaya a tsawo da faɗi, hawa 35 ne ke ba da kusan wannan adadi. A cikakken HO gindinta zai haura milimita 300, tsayinta ya kusa 120, ta danne siton da ke gefenta. Tunda a baya take, kuma babu layin da ya taɓa ta, an rage ta zuwa kusan ɗaya cikin 120. Ragin yana ƙara mata nisa a ido, da sharaɗin kada a tsayar da mutum na HO a jikinta. Leburori masu ɗaukar buhu da za a sa kusa da ita na ma'aunin TT ne, wato ɗaya cikin 120 ɗin.

Gininta: hawa 30 na forex mai kaurin 3, tsayi 90. Gindi 240 a faɗi, 60 a zurfi. Kowane hawa yana ja da baya milimita 2 ta gaba, 4 ta kowane gefe. Cikinta fanko ne, tsiri mai faɗin 10 kawai ake yankawa a zagaye. A bakin kowane tsiri ana yin tsaga da magagari mai kusurwa uku kowane milimita 8, sannan a kashe kaifin da sanfefa har kowane yanki ya kumbura kamar cikakken buhu. Fuskar gaba kaɗai buhu 465 ne. Tsagar kowane hawa ta faɗa tsakiyar buhun da ke ƙasa, kamar ɗaurin bulo. A hawa shida na farko an manta da haka, layukan suka miƙe daga sama har ƙasa kamar masara, dole aka ɓamɓare.

Kala: ruwan buhun algarara, wato ruwan ƙasa mai haske, sannan wanki na ruwan ƙasa mai duhu da aka tsinka sosai ya shiga tsagogin, sannan busasshen buroshi da kala mai haske a kan kumburin. Buhu ɗaya cikin kowane goma an taɓa shi da kala daban kaɗan.

Rabin dala in aka kalle ta daga gefe kamar an datsa ta da wuƙa take. Abin da ya rufe wannan: dala ta biyu an lulluɓe ta da tamfol, takardar goge hannu falle ɗaya da aka jiƙa da farin gam rabi da ruwa rabi, aka ɗaure da zare, ta matso ta rufe gefen dama na ta farko. Gefen hagu kan siton ya tare shi. Ta uku kuma zane ce kawai a kwali marar kauri, tsayi 60, an manne ta da allon sama tsakanin biyun, kalarta an gauraya da kashi ɗaya cikin uku na fentin sama. Ta farko tana zaune a kan gaɓar allunan tebur, ana ɗage ta, don haka ta rufe wannan tsagar ma.

22 ga Fabrairu

Matsar mai ta tsaya, bango na kwano gaba ɗaya, tsayi 95 don layin rufin bayan fage kada ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Tankuna biyu daga bututun ruwa na roba mai faɗin milimita 50, wato mita 4 da ɗoriya, tsayi 70. Ɗaya cikakke, ɗaya an tsaga shi biyu a tsaye an jingina. Bututun hayaƙi na ƙarfe daga bututun alminiyam mai faɗin 10, tsayi 200, da wayoyin ɗauri uku.

Da aka kunna fitilar ɗaki sai inuwar bututun hayaƙin ta kwanta a kan sama, baƙa, a karkace. Sama ba ta ɗaukar inuwa. Da zarar an ga haka, duk wahalar da aka sha a rufi ta tafi, allon ya koma allo. Gine-gine masu faɗi ba su cika yin wannan ba, domin haske daga gaba da sama yana jefa inuwarsu ƙasa a bayansu inda ba a gani. Dogayen abubuwa sirara su ne matsala, musamman in hasken daga ƙwan fitila ɗaya yake zuwa ta gefe.

An gyara ta hanya biyu. An sa tsirin fitilar LED mai bolt 12 a tsawon teburin duka, a ƙarƙashin rufin da ke saman teburin, ɗaya a gaba, ɗaya milimita 80 daga allon sama yana haska shi kai tsaye. Kowane tsiri wat 9.6 a mita, kusan wat 23, amfiya 2. An ba kowanne adafta mai amfiya 3 don kada ta yi zafi. Haske da ke zuwa daga dogon layi yana wanke inuwar abu siriri. Sannan an matso da bututun gaba, ya fito ta gangaren rufi milimita 45 daga allon, abin da ya rage na inuwar ya dushe. Fitilar ɗaki a kashe take in ana kallo.

Lungun da ke tsakanin siton fatu da babban sito shi ma ya so ya tona asiri, hanya ce da ke tafiya ta ci karo da sama. An karkatar da ita ta shige bayan siton fatu, aka gitta katanga mai tsayin 20 a ƙarshenta, da darbejiya guda a gaba da rassanta suka rufe saman lungun.

5 ga Afrilu

Aiki ya tsaya cikin azumi, an dawo bayan salla da tsufar da gine-gine. Ƙasar Kano ta gaske ce kayan aikin: an tankaɗe ta da rariyar shayi, sannan da tsohuwar safa, aka gasa a tukunya don kashe ƙwari, aka bi ta da maganaɗisu sau uku. Baƙin garin da ke manne wa maganaɗisun, in an bar shi, motar kan jirgi ce za ta jawo shi. An shafa ƙurar da busasshen buroshi a milimita 10 na gindin kowane bango, da kan dakali, da cikin kunyar kwano. Banish marar ƙyalli na cinye fiye da rabin kalar ƙura, don haka sau biyu aka yi, fesawa a tsakani.

Tsatsa falle-falle ake sa ta. Kwano ba ya tsufa tare: wani falle ya yi ja gaba ɗaya, na kusa da shi sabo ne da aka canja. A babban sito kusan kashi ɗaya cikin huɗu aka yi wa tsatsa sosai, ana farawa daga bakin ƙasa da layin ƙusa, a ja ta bin gangare. A matsar mai an wuce gona da iri, rufin ya yi jan da ya fi na taragon da ke gabansa ƙarfi, sai ginin ya matso gaba a ido. An fesa masa fentin sama da aka tsinka kashi ɗaya cikin goma, shafi biyu, ya koma wurinsa. Baƙi tsantsa da fari tsantsa babu su a bayan fage, sai cikin ƙofa.

Siton fatu har yanzu na kwalin sabulu ne. An yanka bangonsa, saura rufi, falle kusan 110 a jeri biyu, da ragar shanya a gefensa. An bar guntun tsohon bangon kwali da aka fesa wa banish a kan teburin, da alamar rula a bayansa, don a auna yadda zai motsa idan ruwan Yuni ya sauka. Sakamakon ne zai nuna ko katangar ƙarshen dama za a yi ta da kwali ko da forex.